Sa Mai Sunaye Goma Sha Huɗu

Saura kwana biyu Babbar Sallah, ina ofis ko shayin safe ban gama kurɓa ba, Pak Darmaji ya kira ni a waya. Sallamar ma a tsaitsaye ya yi ta.

"Mbak Ningrum, a karatun da kika yi, mutum nawa ke tarayya a sa guda?"

"Bakwai mana, Pak."

"To na'urarki ta fito da sabuwar fatawa. Sa na goma mutum goma sha huɗu ne a kansa. Na tara kuwa maraya ne, ko suna ɗaya babu. Haka na sha biyar da na sha shida, haka na ashirin da na ashirin da ɗaya. Ki zo ki yi wa liman bayani da bakinki, ni na tsufa da jin kunya."

Bai jira amsata ba ya kashe wayarsa.

Pak Darmaji tsohon hedimasta ne, shi ne kuma shugaban kwamitin layya na masallacin unguwarmu a garin Klaten tun ina 'yar makaranta. Shekara da shekaru da littafi da biro yake rubuta sunayen masu layya. Bara idonsa ya fara gajiya, rubutun ya koma tafiyar tsutsa, har liman ya karanta sunan wata mata ba daidai ba, ta yi wata guda ba ta gaishe su duka biyun. A taron da aka yi bayan nan ne bakina ya ja min. Na miƙe gaban dattawa na ce shekara goma sha biyu ina gina wa asibitoci da manyan shaguna manhaja a birnin Solo, shanu ashirin da 'yan awaki ne za su gagare ni? Lahadi biyu na zauna na gama. A rubuta sunaye, a danna maɓalli, kowa ya karɓi ɗan kati mai lambar dabbarsa. Ranar Sallah kuma manhajar ta buga takarda ɗaya ga kowace dabba, liman ya karanta sunayen kafin a yanka. Aka yi ta sa min albarka, ni kuma na yi ta hura hanci.

Amma ba kunya ce ta sa gabana ya faɗi ba da ya ce sa na goma. Na san wannan lambar. Tana jikin katin da mahaifiyata, Ibu Sumirah, ta maƙale a gefen hoton mahaifina a falo. Bapak, wato mahaifin nawa, ya rasu wata goma da suka wuce, wannan ce layyar farko da za a yi da sunansa. Ibu ta shiga tarayya da maƙwabta shida, tun da aka kawo shanun filin bayan masallaci kuwa kullum da safe sai ta yanko ciyawa ta kai wa na goma da hannunta.

Na buɗe jerin a kwamfutata. Sunaye goma sha huɗu, na karanta daga sama zuwa ƙasa, na sake karantowa daga ƙasa zuwa sama. Babu Harjosuwito, sunan mahaifina. Na nemi sunan a kan dukkan shanun, na nema a kan awaki, babu. Sunan da ba ya kan takarda kuwa liman ba zai karanta shi ba, kuma ni ce na gina abin da ya haɗiye shi.

Bari in faɗi laifina a fili, kada a ce na ɓoye shi cikin yaren sana'a. Idan aka cika sunaye aka danna maɓallin ajiyewa, abu biyu manhajar ke yi. Da farko takan ce wa rumbun bayanai ya buɗe sabon sa. Rumbun da kansa yake ba san lamba, ba ni ba, ba mai rubutu ba, don kada shanu biyu su taɓa ɗaukar lamba ɗaya. Daga nan sai manhajar ta ɗauki lambar ta ɗaura wa sunayen bakwai. Duk rigimar a tsakanin nan take, wato yadda manhajar za ta san lambar da rumbun ya bayar yanzu-yanzu.

Kayan aikin da muke gina manhaja da shi a ofis yana da hanyarsa. A matakin ajiyewa akwai wani ɗan akwati, in ka sa masa alama ka nuna masa inda zai zuba amsa, rumbun zai miƙo maka lambar da ya ba san da ka buɗe, hannu da hannu. Na san akwatin nan sarai. Ni nake koya wa sababbin ma'aikata shi, har da tsawa. Amma a Lahadin farko ƙiwa ta sa na kwafo wani tsohon aikina na zamanin koyo, mai tsohuwar dabara: a ajiye, sannan a tambayi rumbun wace lamba ce ta fi girma yanzu, a ɗauka ita ce tamu. Kamar ka miƙa takalmi ajiya a ƙofar masallaci, maimakon ka karɓi katin da aka miƙo maka, sai ka leƙa ka ga wanne aka bayar a ƙarshe ka ce naka ne. Dabarar ba ta ɓaci sai in mutum biyu sun danna cikin daƙiƙa guda. Na gan ta da idona, na ce tsofaffi biyu masu buga rubutu da yatsa ɗaya, yaushe za su yi karo? Na bar ta na je na ci abincina.

To amma ko da na tuna wannan, hankalina bai kwanta ba. Karo sau uku cikin shanu ashirin da uku? Ko a asibitin da ma'aikata talatin ke rubutu lokaci guda sai a yi mako ba a ga irinsa ba. Ni kuwa ban yarda in gyara abin da ban ga yadda ya ɓaci ba. Na nemi izini, na sa kwamfuta a jaka, na hau babur na kama hanyar Klaten.

Sha ɗaya ta ɗan gota na isa. Tebura biyu ne a barandar masallacin, na maza a dama, na mata a hagu, kowanne da kwamfutar hannu, 'yar na'urar buga kati kuma a tsakiya. Pak Darmaji na dama. A hagu Bu Warsini ce, tsohuwar ungozoma, wadda rabin unguwar nan ita ta yanke musu cibiya, har da ni, kuma ba ta bari mu manta.

"Ga injiniyar shanu ta iso," ta ce tun ban cire hular kwano ba. "Zo zauna, Nduk, 'yata. Kin ci abinci? Dubi yadda kika rame, kwamfutar ce ke shan jininki."

"Bar ta ta tsaya," in ji Pak Darmaji. "A makarantata mai laifi ba ya zama."

"Makarantarka ta sallame ka shekara tara ke nan, Pak Guru, babban malami, kai kaɗai ne ba ka ji labari ba. Ni na ce daga teburinka ɓarnar take. Mutumin da ke neman tabarau alhali yana kan hancinsa."

"Ni a teburina ba a hirar yadda ake dafa tumbi ana cikin aikin Allah."

Na ce musu kada kowa ya canja komai, su yi aikinsu yadda suka saba, ni kallo kawai na zo yi. Bu Warsini ta tura min shayi mai zaƙi da soyayyen tempe na waken suya a takarda, na zauna a kan matakala tsakaninsu.

Masu shanu sun gama rajista, saura masu awaki da ke zuwa a makare. Wani mai gyaran babur ya zo wurin Pak Darmaji, ya faɗi sunansa, aka rubuta, ya wuce wurin alwala. Pak Darmaji bai danna komai ba. Ya ɗora yatsa a ƙarƙashin sunan yana bin sa harafi-harafi, leɓensa na motsi. Ya kai ƙarshe ya dawo farko. Ya cire tabarau ya goge, ya sake farawa.

"Pak, ai ya yi. Ka danna mana."

"Suna ne da za a ambata gaban Ubangiji, Mbak, ba sunan ɗan ƙwallo ba. Bara garin sauri aka yi abin da aka yi."

Na juya hagu. Ita ma Bu Warsini tuni ta rubuta sunan wata mai sayar da kayan miya, amma ba ta danna ba. Ta riƙe hannun matar suna ta zancen jikarta da ke haƙori, tana leƙa sunan jifa-jifa tana tambaya, da i yake ƙarewa ko da e? Minti goma, minti goma sha biyar. Na ce a raina, waɗannan ko da gangan aka ce su yi karo ba za su iya ba.

Sai ga Mbah Kasan, ladaninmu, ya fito daga ciki yana jan ƙafa, sandarsa ta kiɗa a hannu. Ya dubi agogon bango, ya tsaya gaban bedug, babbar gangar da ke rataye a ƙarshen baranda, ya ɗaga hannu.

Dum!

"Astagfirullah, azahar!" in ji Pak Darmaji.

"Lokaci ya yi!" in ji Bu Warsini.

Yatsu biyu suka sauka a kan maɓalli biyu kamar an ɗaure su da zare ɗaya. Na'urar tsakiya ta yi 'yar ƙara ta tofo kati biyu. Na wawuro su kafin kowa. Akuya ta talatin da ɗaya. Akuya ta talatin da ɗaya.

Wallahi dariya ce ta kama ni, irin wadda ba a iya tsayarwa, har da hawaye, ga kiran sallah ana yi. Bu Warsini ta ɗaka min duka a kafaɗa na toshe bakina da mayafi. Na duba lokacin da aka ajiye shanun nan uku masu rigima: biyu da bugun azahar, ɗaya da bugun la'asar. Ashe tsofaffina ba sa danna maɓalli sai ganga ta tilasta musu, gangar kuwa guda ɗaya ce.

Bayan sallah na buɗe kwamfuta a kan cinyata. Gyaran bai kai minti goma ba, abin da ya ƙara ba ni haushin kaina ke nan. Na goge tambayar lamba mafi girma, na sa wa ɗan akwatin alama, na nuna masa inda zai zuba lambar da rumbun ya miƙo, na ɗaura sunayen a kanta. Na kuma haɗa matakan biyu su zama ɗauri ɗaya, ko su shiga tare ko su fasa tare. Na raba awakin nan biyu, kowa da lambarsa. Daga nan na je wurin Mbah Kasan, yana kishingiɗe a gindin gangarsa.

"Mbah, don Allah ka ɗan buga min sau ɗaya, gwaji zan yi."

Ya buɗe ido ɗaya. "Ki ce me?"

"Sau ɗaya tak. A hankali ma."

"So kike mutanen unguwa su ajiye cokali su yo alwala ƙarfe ɗayan rana? Shekara arba'in ban taɓa yi wa gangar nan ƙarya ba, ba zan fara don kwamfuta ba. Ki jira la'asar kamar kowane Musulmi."

Ya rufe idonsa. Na dawo na zauna jiran la'asar.

Dama akwai aikin da ya fi gyaran wuya. Sunayen da suka haɗu a kan sa guda sun cakuɗe, ɗaya daga dama ɗaya daga hagu, kuma ban sa manhajar ta riƙe wanda ya rubuta wane ba. Wannan ma laifina ne. Sai dai abin da na'ura ta manta tsofaffin nan ba su manta ba. Ina karanto suna, ɗaya zai ce nawa ne, har ya gaya min ranar da aka zo da launin rigar da aka sa. Na sha biyar da na sha shida suka rabu lafiya. Na ashirin da na ashirin da ɗaya sun ɗan yi ja-in-ja a kan wani mutum da ya fara zuwa teburin maza aka ce ya jira, ya yi fushi ya aiko matarsa teburin mata, amma shi ma aka samo masa sansa.

Muka zo kan na goma.

"Mutanena bakwai su za su riƙe na goma," in ji Pak Darmaji. "Ya fi na tara ƙiba."

"A'a fa," in ji Bu Warsini. "Kwana huɗu Bu Sumirah tana kai masa ciyawa, har ya san takunta. Ƙibar ma rabinta tata ce. Ku koma na tara."

Ya dube ni. "To, a ba mu na tara. Ai ni dama na fi son ƙahonsa."

Na karanto, suna ta ɗauka. Bakwai suka tafi na tara. Shida maƙwabtanmu ne, duk na san su, na san ƙofofin gidajensu. Saura ɗaya, suna guda ƙwal, ba na uba ba na kaka: Paidi.

"Ba nawa ba ne," in ji Pak Darmaji. "Duk unguwar nan babu Paidi. Na koyar da uku a rayuwata, duk sun bar gari."

Bu Warsini ta ce ita dai 'yan takardu bakwai aka kawo mata a naɗe cikin ambulan ɗaya, ta kwafe abin da ta gani, ba ta san wa ya rubuta wanne ba. Takardun kuma an share su da shara tun makon jiya.

Ni a wurina magana ta fito. Gurbi ɗaya ya rage a kan san Ibu, suna ɗaya ya ɓata, baƙon suna ɗaya ya shigo. Ko dai hannu ya kuskure, ko dai manhajata ta yi wata ɓarnar da ban gano ba tukuna. Ko ma mene ne, maganinsa a yatsana yake. Na haskaka Paidi zan goge in rubuta Harjosuwito, Ibu ba za ta taɓa sanin an yi ba.

Bu Warsini ta cafke wuyan hannuna. Hannun ungozoma ne, ba a ƙwacewa.

"Me za ki yi?"

"Sunan Bapak zan mayar, Bu."

"Wa ya ce miki nan gurbinsa ne?"

"Ai a bayyane yake. Shi kaɗai ya rage."

"Oho. Ba ke ce yanzu kika gama yi mana lacca ba, wai na'urarki ba ta tambaya, sai ta leƙa ta ce wannan ne nawa? Ashe gado ta yi. Gidanku ga shi can, ko babur ba kya buƙata. Je ki tambayi wadda ta ba da sunan."

Pak Darmaji ya yi wani tari da na san dariya ce. Na ji kunya har cikin kunnena, na janye yatsana.

La'asar ta yi, aka sami masu awaki biyu, tsofaffina suka rubuta suka zauna suna tauna sunayen kamar kullum. Mbah Kasan ya fito ya harare ni, ya buga. Yatsu biyu suka sauka tare, kati biyu suka fito, talatin da biyu da talatin da uku. Bu Warsini ta ɗaga su sama tana nuna wa duk wanda ya zo wucewa, sai ka ce ita ta yi gyaran. Daɗi na ji ƙwarai, irin daɗin da mai sana'a kaɗai ya sani, amma rabin zuciyata na gida.

Na tarar da Ibu a bayan gida a kan 'yar kujera, ƙananan kwandunan gora na rabon nama jibge a gabanta, tana shimfiɗa musu ganye ɗaya bayan ɗaya. Na sumbaci hannunta na zauna a ƙasa na ja kwando ina taya ta.

"Yau ba aiki ne, Nduk?"

"Aikin ne ya kawo ni. Ibu, wane suna kika rubuta a takardar layya?"

"Sunan babanki mana. Na wa zan rubuta, na gwamna?"

"Babu sunan Bapak a kan san nan. Wani ne a wurin, wai shi Paidi."

Hannunta ya tsaya a cikin kwandon. Ba ta ɗago ba.

"Me kika ce?"

"Paidi."

"Sake faɗa."

Na sake faɗa, a hankali wannan karon. Sai na ga abin da ban gani ba tun rasuwar Bapak. Ibu ta yi murmushi har haƙorinta na gefe da ya fita ya bayyana, ta sa gefen zane ta rufe baki kamar budurwa.

"Rabon da in ji shi a bakin wani tun rasuwar uwarsa, kina goye," ta ce. "Shi ne sunansa na yanka. Harjosuwito ranar aurenmu dattawa suka raɗa masa."

Na san al'adar, kowa ya santa. Mazan zamaninsu in sun yi aure sukan ajiye sunan yarinta su ɗauki na manya. Amma ban taɓa kawo wa raina cewa Bapak ya taɓa zama yaro ba. Ni da gashin baki na same shi, da katin ɗan ƙasa, da suna mai tsawon da ba ya shiga layin takarda. Danginsa na can duwatsun Wonogiri, ba mu cika zuwa ba. Ibu kuwa tun da nake ban ji ta kama sunansa ba, daga Pak, yadda ake kiran kowane magidanci, sai baban Ningrum.

"Gyaran keke yake yi a gindin tsamiyar bakin kasuwa," ta ce, ta ci gaba da shimfiɗa ganye. "Siriri kamar sandar rake, kunnuwa fato-fato. Sau uku ina sace iskar tayata da hannuna in tura masa keken. A na ukun ya ce, Dik, ƙanwata, tayar nan lafiyarta ƙalau, in magana kike so ki zauna ga benci. Na ce Allah ya kiyaye, na zauna."

Muka yi dariya har kwando ya faɗo daga cinyata.

"To amma Ibu, me ya sa ba ki rubuta wanda kowa ya sani ba? Mutane za su yi ta tambaya."

"Su tambaya mana, bakinsu ne." Ta ɗauki wani ganyen ta goge shi a zanenta. "Mutumin nan bai taɓa sabawa da dogon sunan ba. Ke ba ki lura ba ne. A asibiti in aka kira Harjosuwito, zama yake yana kallon mutane, yana jiran mai sunan ya tashi. Sai na zungure shi da gwiwar hannu na ce, Pak, kai ake kira. Shekara arba'in da uku ina zungurinsa. To can inda yake ba na kusa, Nduk. Wa zai zungure shi?"

Kuka na yi, na kifa kaina a gwiwarta, ita kuma ta ci gaba da aikinta da hannu ɗaya, ɗayan a kaina. Da na samu murya na gaya mata gaskiya, cewa saura ƙiris in goge sunan in rubuta ɗayan.

"Da kin goge shi da ke ma na goge ki," ta ce. "Tashi ki wanke fuska, kina jiƙa min ganye. Akwai miya a tukunya."

Ranar Sallah gari ya waye garau. Muka dawo daga idi, filin bayan masallaci ya cika, maza sun tattare hannun riga, mata sun jera tabarmi da wuƙaƙe da kwanduna, kabbara na tashi daga lasifika. Takarduna ashirin da uku na shanu suna hannun Pak Darmaji cikin leda, kowace da suna bakwai cif. Sau biyu ya ƙirga su a gabana don in gani, bai ce komai ba, wanda a wurinsa yabo ne babba.

Aka yi na ɗaya, aka yi na biyu, har aka zo na tara, mutanen Pak Darmaji suka tsaya suna yaba ƙahonsa. Sannan aka jawo na goma. Ibu ta sa farar rigarta ta zuwa biki, ta ratsa mutane ta tsaya a gaba, ta riƙe hannuna. Aka kwantar da san, aka fuskantar da shi alƙibla. Liman ya karɓi takarda ya ɗaga ta daidai idonsa, ya yi bisimilla, ya fara roƙon Allah ya karɓa daga wane, ya karɓa daga wance. Kowane suna ya faɗa, iyalin mai sunan su ce amin. Shida suka wuce. Ya ɗan tsaya a kan na bakwai, ya matso da takardar.

"Ya Allah, ka karɓa daga Paidi."

Mutane suka hau waige-waige.

"Amin," in ji Ibu, da ƙarfi. Gwiwar hannunta ta ɗan taɓa haƙarƙarina, ban sani ba ko da saninta. Na ce amin ni ma, Bu Warsini ta ce amin daga baya, sauran jama'a suka bi.

Aka yanka, aka ja san gefe wurin masu fiɗa. Ibu ta sake ni ta tafi cikin mata, tuni ta fara yi wa wata faɗa a kan yadda take yanka albasa. Pak Darmaji ya matso kusa da ni da ledar takardunsa, ya rage murya.

"Mbak Ningrum, tsakaninmu. Kin tabbata ba na'urarki ce ta ƙirƙiro mana mutumin nan ba? Wai wane ne Paidi?"

"Babana ne, Pak," na ce.